Ranar da Ƙofar Katsina Ta Ƙi Surukata

Mu biyar ne a tsakar gida ranar, in an haɗa da na cikin waya mu shida. Akwai ni. Akwai ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, malamin firamare ne. Akwai matarsa, ma'aikaciya a wani ƙaramin asibiti ta wajen Ruma, ita ce mai abin. Akwai ƙanin marigayi mijina, tsohon masinjan sakatariya, wanda tun da ya yi ritaya ba a taɓa ɗaura akuya a unguwarmu bai zo ya gyara ƙullin ba. Sai maƙwabcinmu mai shagon cajin waya, da ya shigo da batirin solarsa a kafaɗa. Na cikin wayar kuwa injiniya ne a Katsina. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, amma na san yana magana da abinci a baki.

Ni ban yi boko ba. Wannan ma faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce in an gama a karanta mini, don kar a rage inda na yi daidai.

Shekarun nan ne da muka baro gonarmu ta wajen Darini muka dawo cikin Batsari, saboda mutanen daji. Gero ya yi tsadar da mace za ta auna tiya ta tsaya tana kallonta kamar za ta ƙaru. Yara suka fara ramewa. Aikin surukata shi ne ta ɗaura wa yaro wani ɗan tef a dantse, in ya nuna ja ta rubuta sunansa, a ba uwarsa abincin tamowa, irin na cikin leda mai kama da tunkuza. Motar da ke kawo abincin sau ɗaya take zuwa a wata, da rakiyar sojoji. Da can a takarda ake aika sunaye. A shekarar sai aka ce an daina, sai ta kwamfuta, kuma asibitin da sunayensa ba su shiga ba kafin a rufe, mota za ta wuce shi ko tsayawa ba za ta yi ba. Ranar da nake ba da labari, washegari da azahar za a rufe.

Sai na koma baya kaɗan. Sati guda kafin nan an kira su Katsina aka koya musu aikin, aka ba kowace sabuwar kwamfuta a baƙar jaka. Surukata ta dawo tare da wata abokiyar aikinta ta wani ƙauye a ƙasar Safana. Suna isowa aka ce an tare hanya, baƙuwa ta kwana biyu a gidanmu. A gidana duk wani abu mai daraja ɗakina yake kwana, wannan ba a tattauna shi. Na karɓi jakunkunan biyu, na ɗora ta baƙuwa a kan akwati, tamu na sa ta daga ƙasa.

Ranar da za ta tafi na ɗauko jakar baƙuwa, sai ga huji a gefe, yatsu uku sa shiga. Ɓera. Ashe baiwar Allah ta cusa ƙuli-ƙuli a aljihun jakar. To ina ruwan mutane da ƙuli-ƙuli? Abin da za a ji a Safana shi ne an ba tsohuwar Batsari ajiya ɓera ya ci.

Na leƙa madafa na ce wa surukata, "Ke, waɗannan abubuwan naku biyu, akwai bambanci?"

Ta ce, "Babu, Inna. Kwali ɗaya aka fasa, ko aiki ba a fara da su ba."

Shi ke nan. Na miƙa wa baƙuwa mai lafiyar, na bar mai hujin a gida. Da kwano ne ko tabarma haka zan yi, haka uwata ta yi, ba a sallamar baƙo da ɓatacce. Surukata ta ga hujin daga baya, na ga lokacin da ta gan shi. Ba ta ce komai ba, don in ta yi magana ta ce akwai ɓera a ɗakin uwar mijinta ke nan. Yarinyar tana da tarbiyya. Na ji daɗin hakan, na manta da zancen.

To ranar, da hantsi, ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin bishiyar bedin da ke kusurwar gida, don nan ne kaɗai sabis ke kamawa. Ta ajiye littafin sunaye a gefe, ta buɗe kwamfuta. Ni ina bakin ƙofata ina tsintar wake, ido ɗaya a wake, ɗaya a kanta. Ta rubuta sunanta, ta rubuta kalmar sirri, wani ɗan zobe ya yi ta juyawa, sai jan rubutu ya fito. Ta sake. Ta kuma sakewa. A karo na huɗu na ga ta goge tafin hannunta a zane.

Na ce, "Me ya ce?"

"Wai bai san ni ba, Inna."

"Wa?"

"Babbar kwamfutar Katsina. Akwai kamar ƙofa, sai ta yarda da kai ka shiga."

Ta kira mijinta. Ya zo ya gyara tabarau ya karanta jan rubutun da ƙarfi, da muryar da yake yi wa 'yan aji huɗu, sannan ya fassara mana: an ƙi karɓar shaidarki. Ya sake karantawa a hankali, ko zai canza. Bai canza ba.

Ana haka ƙanin mijina ya yi sallama. Mutumin nan yana jin ƙanshin matsala daga masallaci.

"Matar Yaya, an tashi lafiya? Yau kuma wa kike harara?"

"Lafiya lau har ka shigo."

Ya tsuguna ya dubi kwamfuta ta sama, ya dube ta ta ƙasa, ya ce sabis ne. Ya ce shi shekara talatin yana ɗaukar fayil a sakatariya, ya san halin na'ura. Ya sa ɗana ya jingina tsani ya hau kan katanga da kwamfuta a hannu, matarsa daga ƙasa tana faɗa masa inda zai danna. Malamin makaranta guda, da farar riga, a kan katanga, mata na wucewa da tallan fura suna gaishe shi yana amsawa. Jan rubutu ya fito a can sama kamar yadda ya fito a ƙasa.

Na ce, "Sauko kafin a ce na haifi ɓarawon kaji."

Batir ya fara ja baya, aka aika aka kira mai caji. Shi ya fi su nutsuwa, in faɗi gaskiya. Ya jona batirinsa, ya buɗe wani shafi daban ya ga yana buɗewa, ya ce, "To ba sabis ba ne, Baba. Ga shi komai na shiga, nan ɗin ne kawai ba ya shiga."

"Sabis ɗin nan iri-iri ne," in ji tsohon masinja.

Mai caji ya ce a duba agogon kwamfutar, wai in kwanan wata ya rikice irin waɗannan ƙofofi ba sa buɗewa. Aka duba. Rana daidai, wata daidai. Sai maza uku suka zaro agogunansu, kowa da nasa lokacin, suka ɗauki gardama a kan minti huɗu har na gama wake na fara gyaran zogale. Aka kashe kwamfuta aka kunna. Aka sake kashewa, aka bar ta ta huta, wai ta yi zafi, ƙanin mijina yana yi mata fifita da hularsa. Da ta ƙi, ya ce a zamaninsu in tafireta ta yi gardama marinta ake yi a gefe. Ya ɗaga hannu.

Na ce, "Taɓa ta ka ga. Hannun nan ba za ka ci tuwo da shi yau ba."

Ya mai da hannun ya sosa ƙeya.

Daga nan surukata ta kira injiniyan da ya haɗa musu kwamfutocin, ta sa wayar a fili kowa na ji. Ya ce yana kan layin mai tun safe, amma ta faɗa. Ta karanta masa jan rubutun. Ya ce, yana tauna wani abu, "Satifiket ne. Wata shaida ce da muka dasa a cikin kowace kwamfuta, ita ƙofa ke dubawa kafin ma ta saurari sunanki. Bari mu bi a hankali."

Suka bi a hankali. Danna nan, shiga can. Shaidar tana nan? Tana nan. Wa'adinta ya ƙare? Da saura, kusan shekara. In kin buɗe shafin yana tambayarki ki zaɓi shaida? Yana tambaya, guda ɗaya ce, ita nake zaɓa. To goge duk abin da ya tuna, ki fara daga farko. Ta goge. To gwada ta ɗaya manhajar. Ta gwada. Duk abin da ya faɗa sai ƙanin mijina ya maimaita mata da ƙarfi, kamar injiniyan da Fulatanci yake magana. Katin waya ya ƙare ana tsakiyar danna nan, ɗana ya fita sayo wani yana gunaguni a ciki.

A wannan tsakanin aka yi sallama daga zaure. Wata mata ce 'yar Ruma, cikin waɗanda suka yi gudun hijira suke zaune a kangon bayan kasuwa. Da goyo a bayanta. Ta gaishe ni, ta gaida kowa, sannan ta durƙusa gaban surukata ta ce, "Malama, na ce ko watan nan za a kawo?" Hannun yaron ya leƙo daga zane, bai fi muciyar kunu kauri ba. Surukata ta rufe fuskar kwamfuta don kar matar ta ga jan rubutu, kamar ta iya karantawa, ta ce, "In sha Allahu." Na zuba wa matar dambu a kwano ta tafi.

Aka yi azahar. Na sa kowa ya ci abinci, ban da surukata da ta yi ta juya cokali. Mai caji ya ce ko kalmar sirrin ce ta manta. Ta ce ba ta manta ba. Ɗana ya ce ta tabbata? Ta ɗago ta dube shi, ya ce a'a, shi tambaya kawai ya yi. Ƙanin mijina ya kawo shawarar a kai kwamfutar wurin wani malami a tofa mata. Na ce malamin da ya tofa wa babur ɗinka har yanzu tura shi kake.

Bayan la'asar injiniya ya kira da kansa. Ya samu mai, ya isa ofis, an ta da janareta. Ya ce ƙofar nan tana da littafi, duk wanda ya ƙwanƙwasa sai ta rubuta, yanzu zai duba. Muka ji yana danne-danne. Sai ya daina tauna.

"Hajiya, kina Safana ne?"

"Ina Batsari, a gida."

"To ƙofa ta ce tun safe wani ke ƙwanƙwasawa da sunan asibitin Ruma, amma shaidar da yake nunawa ta Safana ce. Shi ya sa take korar ki."

Hannuna yana cikin zogale, na bar shi a nan.

Injiniya ya ce, "Innalillahi. Ni na dasa su da hannuna, suna da yawa, ga gajiya. Wataƙila ni na rikita." Muryarsa ta koma ta ƙaramin yaro. Ya ce in haka ne sai an kawo kwamfutar Katsina a cire waccan shaidar a dasa sabuwa, kuma sai oga ya sa hannu, oga kuwa ya yi tafiya, sai wani satin. Surukata ta ce, "Gobe da azahar fa ake rufewa." Ya ce ya sani. Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan littafin sunaye, tana tare su da gefen hijabi kar tawada ta jiƙe.

Ƙanin mijina ya samu abin yi. Ya matsa kusa da waya ya fara: yaran zamani, an ba ku aiki kun tsaya cin gyaɗa, a zamaninmu fayil ɗaya ya ɓace sai an tsai da mutum a rana. Injiniya yana ta "Haka ne, Baba, a yi haƙuri, Baba."

An ce kar in rage, to ba zan rage ba. Na bar yaron nan yana ɗauke da laifin har na tsige zogale reshe uku. Yana Katsina, ba wanda ya san fuskarsa, laifin ya zauna masa daidai. Ni kuwa shekara arba'in ina cikin dangin nan ba wanda ya taɓa kama ni da kuskure a gaban ƙanin mijina. Na kuma ce wa raina ai ban tabbata ba ma. A reshe na huɗu na ture tiren.

"Ba ni wayar."

Ɗana ya ce, "Inna, wannan magana ce ta..."

"Ba da kai nake ba."

Aka miƙo. Na ce, "Yaro, ina wuni. Ya aiki, ya mutanen gida? Uwar mijinta ce. Tambaya zan yi maka, ka amsa mini da Hausa."

"To, Mama."

"Kwamfutocin nan duk ɗaya ne ko ba ɗaya ba ne?"

"A ido ɗaya ne, Mama. Amma kin san tsagar fuska? Yara biyu sa iya kama da juna, kaya iri ɗaya, amma kowa da tsagar gidansu. To kowace kwamfuta mun yi mata tsagar asibitinta a ciki. Ƙofa ba ta yarda da suna kawai, sai ta ga suna da tsaga sun dace."

"Ai da haka ka faɗa tun safe. To a goge tsagar a yi mata wata."

"Ba a yi daga nesa, Mama."

"Ka roƙi ƙofar ta yi haƙuri na yau kaɗai. Ka ce mata ka san yarinyar."

Ya yi 'yar dariya. Ya ce da ƙofar tana jin roƙo, duk wanda ya tare hanya ya ƙwace kwamfuta sai ya zauna a daji ya juya motar abinci inda ya so. Na auna maganar. Na ce, "Ƙofar nan ta fi ku hankali duka. Da ni aka ba gadin haka zan yi."

"Haka ne, Mama."

"Saura ɗaya. In aka ba mutum ta wani fa? Sabuwa fil, ba a fara aiki da ita ba, jakarta ma ba huji?"



"Mama, wace jaka?"

Na miƙa wa surukata wayar, na gyara ɗaurin ɗankwalina, na faɗa musu. Ban yi kwana-kwana ba. Na ce ɓera ya ci jakar baƙuwa a ɗakina, na ba ta tamu, wannan da kuke ta hawa katanga da ita ta Safana ce.

Ƙanin mijina ya zauna daɓas a ƙasa. Da farko ba sauti, kafaɗunsa kawai ke rawa. Sannan abin ya ƙwace masa. "Matar Yaya! Ke! Allah na gode maka da ka bar ni da rai na ga yau. Yaya, ka tafi da wuri, ka yi asara!" Ya cire hula yana share ido. Mai caji ya juya baya yana gyaran wayar batir da ba abin da ya same ta. Ɗana ya ƙura wa ƙasa ido kamar an rubuta masa wani abu a wurin.

Surukata ta ce a hankali, "Inna, ai da jakar kawai kika sauya."

"Ni ba na buɗe jakar mutane."

"Haka ne."

"Kuma ke kika ce duk ɗaya ne."

"Na ce, Inna."

"Kin ga hujin kika yi shiru."

"Kunya na ji."

"To kin ga inda kunyarki ta kai mu."

Na san ba daidai na faɗa ba, ita ma ta sani, amma ta ce, "A yi haƙuri, Inna," kuma na ga bakinta na son yin dariya duk da hawayen. Daga cikin waya injiniya yana ta "Allah ya saka da alheri, Mama, wallahi har na fara tunanin sana'ar da zan koma." Na ce ya koma ya ci abincinsa, amma ya dinga haɗiyewa kafin ya yi wa manya magana.

Dariya ba ta kai sunaye Katsina. Aka kira baƙuwar Safana, wayarta ba ta shiga. Surukata ta ce ƙarfen sabis na ƙauyen baƙuwar ya daɗe a mace, ba mai kai masa mai. Injiniya ya duba littafin ƙofa ya ce ita ko ƙwanƙwasawa ba ta yi ba tukuna. Sai surukata ta tuna matar ta ce mata sai ranar rufewa da safe za ta shigo babban asibitin Safana, inda sabis ke kamawa, ta tura nata. Wato ita ma gobe jan rubutu ke jiranta, ba ta sani ba. Yanzu asibiti biyu ke nan a wuyana.

Ɗana ya ce shi zai je a babur. Matarsa ta ce in ya karɓo ya dawo azahar ta wuce, dole ita ta je ta tura daga can. Ya ce to su tafi tare. Na ce babur ɗin da ba mai, a hanyar da ake tare mai babur kafin mai mota? Mota za a shiga, kuma ni zan raka ta.

"Inna, hanyar nan ba ta tsofaffi ba ce."

"Ta malaman firamare ce? Kai kana da aji gobe. Ni na ba da, ni zan karɓo."

Ƙanin mijina ya ce shi ma zai bi mu, don ya ga fuskata lokacin da zan yi bayani. Na ce in na gan shi a tasha sai na faɗa wa duk Batsari dalilin da ya sa aka taɓa mai da shi gadin ƙofa wata uku. Ya ce dama ƙafarsa na ciwo.

Washegari ina idar da sallar asuba na ɗauki jakar mai huji na goya ta a baya da zane, na ja ƙulli biyu, na rufa babban mayafi. Surukata ta riƙe littafin sunaye a ƙirji. A tasha direbobi ba sa tashi ɗai-ɗai, sai sun taru, sai 'yan sa-kai sun aiko cewa hanya ta yi kyau. Muka zauna a mota har rana ta fito sosai, ina kallon inuwa tana gajarta. Wata mata kusa da ni ta ce jikan nawa ba ya kuka, Allah ya raya. Na ce amin. A hanya direba ya kashe rediyo, kowa idonsa a bakin daji, leɓuna na motsi. A wani shinge ɗan sa-kai ya leƙo ya ce, "Iya, me aka goyo haka mai kusurwa huɗu?" Na ce abincin yara ne. Ya dube ni, na dube shi, ya ce mu wuce.

Mun iske baƙuwar a barandar asibitin Safana, kwamfutarmu a cinyarta, jan rubutu a fuskarta, maza huɗu tsaye a kanta. Ɗaya yana cewa sabis ne. Wani ya zaro agogo. Ashe kowane gari da nasu.

Ta gan mu ta miƙe a rikice, ta durƙusa. Na bar ta ta gama gaisuwa tsaf, na tambayi mijinta da yaranta da yadda ta isa gida ranar. Sannan na kwance goyo na ajiye a gabanta, hujin yana sama inda kowa zai gani. Na ce, "Ɗiyata, wannan ce taki. Ɓera ya ci ta a ɗakina, na ji kunya na ba ki tamu ban faɗa miki ba. Ni na ja miki wahalar safiyar nan. Ki yafe ni."

Ta rufe baki da hannu biyu. "Wayyo Inna, ki daina, wallahi ni ce da ƙuli-ƙulina..."

"Na sani. Wannan ma za mu yi maganarsa. Buɗe."

Suka zauna kafaɗa da kafaɗa, kowace da tata. Surukata ta rubuta suna, ta rubuta kalmar sirri. Zoben ya juya, ya juya, har na fara karanto abin da na iya. Sai fuskar ta yi fari, layuka suka fito. Ta ɗago ta ce, "Ta buɗe, Inna." Ta kusa da ita ma ta buɗe. Na ce to me kuke kallona, ku rubuta.

Rana ta riga ta shigo barandar tana haske musu fuskar kwamfuta. Na cire mayafina na ware shi da hannu biyu na tsaya a kansu. Mai agogon nan ya matso zai ba da shawara, na ce ya je ya duba ko ana nemansa a gida. Haka na tsaya, suna karanta sunayen yara ɗaya bayan ɗaya suna shigarwa, har ta Ruma ta tura, ta Safana ta tura. Ladan bai kira azahar ba tukuna lokacin da na sauke hannu.